Mai hulɗa da jama'a ba mai shela ba ne



Kusan kowane zaɓen biro haka muke yi: a cika kujerar shugaba, ta sakatare, ta ma'aji, sannan a waiwayo a ce, "Wane yana da murya, a ba shi hulɗa da jama'a." Daga nan aikinsa riƙon mikro da kai sanarwa gidan rediyo. Sai an gama shawara a kira shi ya je ya faɗa. To, ina so mu sake duba wannan al'ada.

Ku tuna da ƙungiyar likitocin nan ta Faransa, MSF. A yunwar 2005 ta yi jinyar dubban yara masu tamowa a jihar Maraɗi. Wasu iyayenku sun ga layin mata da goyo da idonsu. Amma a watan Yuli na 2008 gwamnati ta dakatar da aikinta a nan, tana zarginta da zuzuta yawan yaran da kuma rashin tafiya tare da hukumomin lafiya. Ƙungiyar ta musanta, aka yi ta kai-komo, kafin ƙarshen shekara ta tattara kayanta. Ban zo raba gardamar wa ke da gaskiya ba. Abin dubawa shi ne: ga kuɗi, ga magani, ga ƙwararru, amma da zaren fahimta ya tsinke tsakaninta da hukuma, cibiyoyin suka rufe, yaran kuma suna nan da cutarsu.

In babbar ƙungiya irin wannan ta tsaya cik, ina ga tamu?

Shi ya sa nake cewa mai hulɗa da jama'a ya zauna cikin ɗakin shawara tun daga bisimilla, da bakin magana daidai da na ma'aji. In za mu yi wa'azi ko gayyar tsabta a Tibiri, shi zai tambaya: an gaida fadar Sarkin Gobir? Magajin gari ya samu takarda? In Jiratawa ce, shi zai ce a ɗaga ranar, don masu noman rani suna ban ruwa, ba wanda zai bar fadama ya zo. Kuma shi zai kwaso mana abin da ake faɗa a kanmu a kasuwa da WhatsApp, har wanda ba ma son ji.

Zaɓe mai zuwa, ku tambayi mai neman kujerar: su wa ka sani a unguwanni, kuma ka iya ce wa shugaba "a'a"?