Kunne Shi Ne Malamin Makaɗi

Muna gaida ƴan makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata. Muna gaida mutanen Dogon Dutsi da Tibiri, da na Matankari, Ɗan Kasari, Gecame da Kore Mairuwa, da dukan ƙasar Arewa. Hirarmu ta yau a kan kiɗa take. Yaya mutum zai koyi kaɗa gurumi, ko goge, ko ƙwarya, ta hanyar sauraren waƙoƙin da yake so?

Wani zai ce: "Ni ba ɗan makaɗa ba ne, kuma na girma." To, ka saurara. Gemu ba ya hana ilimi. Kuma akwai wani kayan aiki da kake da shi tun kana goye. Shi ne kunnenka.

Kunnenka ya riga ya iya

Ɗauki alli ka rubuta wannan kalma: wuya. To, me ka rubuta? Wuyan da ke ɗauke da kai, ko wuyar aiki? Rubutun iri ɗaya ne. Amma in an faɗa da baki, ba ka taɓa ruɗewa. A wuyan jiki murya tana farawa sama, ta sauko. A wuyar aiki tana farawa ƙasa, ta hau. Haka kuka na yaro da kuka ta miya. Takarda ba ta nuna bambancin ba, kunne ne ya raba su.

Wannan hawa da sauka na murya shi ne tushen kiɗanmu. Shi ya sa kalangu yake magana. Makaɗi yana matse shi a hammata, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Mai jin Hausa sai ya gane kirarin da ake yi. Ashe duk mai jin Hausa ya riga ya yi rabin karatun kiɗa bai sani ba.

Waɗanda suka koya da kunne

A ƙasar Arewa an san goge da gurumi tun kaka da kakanni. Goge tsirkiya ɗaya gare shi, ta izgar doki. Ana goga ta da ɗan baka, shi ma na izga. Gurumi kuwa ƙoƙo ne da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu ko uku. Da yatsa ake kaɗa shi. Babu ɗaya daga cikin masu waɗannan kaya da ya koya a takarda. A wurin wasan bori, kowane iska da nasa take. Mai goge yana riƙe da su duka a ka. Tun yana yaro yake zaune bayan ubangidansa, yana ji, yana buga ƙwarya, kafin a miƙa masa goge.

Ba ƴan gado kaɗai ke iyawa ba. Ga Mdou Moctar, Buzu daga jahar Tawa. Ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa gita, abin ya shiga ransa. Gidansu ba a son kiɗa, kuma ba shi da kuɗin saye. Sai ya sami katako da wayar birkin keke, ya haɗa tasa. Waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wayar hannu, har ya kai ga yin wasa a Turai da Amurka.

Ga kuma Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a 1946, ya rasu a 2015. A Maiduguri ya ga kuntigi, ya komo gida ya yi nasa. Kuntigi ɗan gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya tak. Da shi ya yi suna a duk inda ake jin Hausa. Mata ma ba a bar su baya ba. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi nata sunan.

Yadda za ka fara

Na farko, zaɓi waƙa ɗaya. Kada ka ɗauki goma. Zaɓi wadda kake so ƙwarai, wadda ba ka gajiya da jin ta. So shi ne zai riƙe ka ranar da yatsa ya yi ciwo. Mutanen da sai sun jira an sako waƙa a gidan radiyo. Radiyon ƙasarmu ya fara aiki a 1958. Daga baya kaset ya zo. Yau kuwa waƙa tana cikin wayar hannu, kana iya maimaita ta yadda ka ga dama.

Na biyu, saurara da niyya. Jin waƙa daban, saurare daban. Zauna inda babu hayaniya. Karo na farko bi muryar mawaƙi. Karo na biyu ka bar mawaƙi, ka bi ƙwarya ko ganga kawai. Karo na uku ka bi tsirkiya. Za ka lura akwai wani ɗan guntun kiɗa da ke tafiya yana komowa. Shi ne gindin waƙar. Shi za ka fara kamawa.

Na uku, tafa hannu. Kafin ka taɓa tsirkiya, ka iya tafiyar kiɗan. Tafa, ko ka buga cinya, ko ƙwarya a kife. Mata sun san wannan a wurin lugude: in taɓarya ɗaya ta saɓa, kowa ya ji.

Na huɗu, rera da bakinka. Abin da baki bai iya ba, yatsa ba zai iya ba. Rera guntun kiɗan a hanyar gona, ko wajen kiwo, ko bakin rijiya, har ya zauna maka ba tare da radiyo ba.

Na biyar, nemi muryar a jikin tsirkiya. Ga dokarta, ba ta da wuya. In ka danne tsirkiya da yatsa, ka rage tsawonta, murya ta hau. In ka saki, ta sauka. In ka ƙara ɗaure ta, ta hau. Tsirkiya mai kauri muryarta ƙasa take. Rera murya ɗaya, ka riƙe ta. Ja yatsanka sannu a kan sanda har muryar tsirkiya ta haɗu da taka. In sun haɗu za ka ji, kamar yadda kake gane muryar ɗanka cikin kasuwar Juma'a ta Dogon Dutsi. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan muryoyi 5 suke tafiya. In ka gano wuraren nan 5, ka sami hanya.

Na shida, yi sannu. Kaɗa guntun a hankali, sau da yawa, har hannu ya daina tuntuɓe. Sa'an nan ka kunna waƙar, ka bi ta. Kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka kula da kayanka. Da damina fata tana shan raɓa, ta saki, murya ta mutu. Sai a ɗan shanya ta a rana, ko a kanga ta nesa da wuta. Izgar goge kuma tana son a shafa mata ƙaro, don ta kama.

Abin da radiyo ba ya koyarwa

Radiyo yana ba ka murya, amma ba ya nuna maka hannu. Ba ya ce maka ka yi kuskure. Don haka in akwai tsohon makaɗi a garinku, je ka gaishe shi. Riƙa masa ɗan goro. Zauna kusa, ka dubi yatsunsa. Tambaye shi sunan kowane take, da mai shi. Akwai taken sarki, da na manoma, da na ƴan kokowa, da na mahauta. Akwai kuma wanda ba a kaɗawa don wasa. Masu abin su za su gaya maka. Ka nemi yardar iyayenka ko mutanen gidanka. Kada ka dami maƙwabta da dare, kada kuma ka yi kiɗa lokacin salla.

Don me za mu damu?

Domin take ba shi da rumbu sai kan mutum. In tsoho ya rasu babu wanda ya ɗauka, ya tafi da shi. Ku ji abin da ya faru a gabashin ƙasarmu. Buduma, masunta na tafkin Cadi, suna da wani abin kiɗa mai suna biram. Siffar jirgin ruwa gare shi, da tsirkiya 5. Aka wayi gari saura tsoho ɗaya da ya iya shi sosai, Bukar Tar. A 2002 Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurumi, ya tafi wurinsa da taimakon hukumar UNESCO. Ya zauna, ya saurara, ya koya. Tsohon ya ba shi biram ɗinsa. Bayan rasuwar tsohon, Maman Barka ya kai kiɗan nan ƙasashen duniya, kafin shi ma ya rasu a 2018. Da bai je ba, da wa zai ji biram?

To, ku dubi garinku. Masu goge nawa suka rage? Masu gurumi nawa? Yara nawa ke zaune bayansu?

A nan karatunku zai yi amfani. Sami ɗan littafi. Rubuta sunan makaɗi da garinsa. Rubuta sunan kowane take, da lokacin da ake kaɗa shi, da kalmomin waƙar. In kana da waya, nemi izininsa ka ɗauki muryarsa. Alƙalami zai tsare kalmomi, waya ta tsare murya. Amma kiɗa ba ya rayuwa sai a hannun mai kaɗawa.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zaɓi waƙa ɗaya, ya saurare ta sau 3 yadda muka faɗa. Ranar karatu ku tafa ta gaban ƴan uwa, ku ga ko za su gane ta ba tare da kun faɗi sunanta ba. In sun gane, kunnenku ya fara aiki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.