Ostireliya: Ƙasar da Ta Faro Daga Kurkuku

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa, yau za mu ɗan leƙa tarihin Ostireliya, ƙasar da akasarin Turawan farko da suka zauna a cikinta suka shige ta a ɗaure.

Da Amurka ta ƙwaci 'yancinta, sai Ingila ta rasa inda za ta riƙa jibge fursunoninta. Gidajen yari suka cika maƙil, har ana tsare mutane cikin tsofaffin jiragen ruwa. A 1787 aka loda fursunoni fiye da 700, ayarin jirage 11 ya tashi ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip. Bayan wata 8 a teku, ranar 26 ga Janairu 1788 suka yada zango inda birnin Sidni yake yau. Kafin a daina wannan jigila a 1868, an kai mutum wajen 160,000. Da yawansu fa ƙaramar sata ce laifinsu, amma hukuncin shekara 7 ne, ko 14, ko rai da rai.

Waɗanda suka gama wa'adinsu, akasari can suka zauna, wasu ma har aka yanka musu gonaki. To jama'a, gonar wa aka yanka?

Akwai mutanen Aborijin da suka shekara dubbai a wurin. Amma Turawa suka ɗauki ƙasar tamkar ba ta da mai ita: babu yarjejeniya, babu diyya. A 1789 cutar agana ta yi musu mummunar ɓarna a yankin Sidni. Masu kiwon tumaki suka kore su da bindiga, daga baya hukuma ta riƙa raba yara da iyayensu.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1992, a shari'ar da Eddie Mabo ya shigar, babbar kotun ƙasar ta soke waccan da'awa, bayan shi kansa ya rasu da 'yan watanni. A 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa kan yaran da aka ƙwace.

'Yan uwa, mu ma baƙunta muke yi. Fatauci ya kawo kakanninmu, kuma da izinin masu gari suka sauka. Mu riƙe wannan amana, mu koya wa 'ya'yanmu sanin wanda muka tarar. Allah Ya zaunar da mu lafiya. Wassalam.