Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Jama'ar Gwarzo da Kabo, manoman Getso da Garo.

Kowa ya san tsofaffin motocin tantan ɗin nan, irin su Massey Ferguson, masu yi mana huɗa. Wasu sun ce a jingine su a sayo sababbi. To, da wane kuɗi? Mu cewa muke a gyara su, a ƙara musu ido.

Idon nan wata 'yar na'ura ce, GPS, mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam. A shekarar 2000 Amurka ta sakar wa kowa ingancinta, yau manoman ƙasashe da dama suna liƙa ta a tsofaffin injinansu. Tana nuna wa direba layi, kunya ta miƙe, ba ya ƙona mai wajen maimaita inda ya bi. In an gwada ƙasar gona kuma, sai a zuba taki daidai buƙata. Ai kun san kuɗin buhu yau!

Ku ba mu ƙuri'arku, mu sa hukumar KNARDA ta koya wa samarinmu wannan gyara a nan gida. Ran zaɓe a yi sammako, jama'a!