Ɗabaƙoƙin Sama da Ladabin Neman Bayanansu

Ba zan ɓata muku lokaci da bayanin yadda na'urori ke lissafa hasashen yanayi ba, domin kowa a nan ya san cewa hukumar NOAA ta Amurka tana gudanar da tsarinta na GFS sau huɗu kowace rana, hasashensa yana kaiwa kwana 16, kuma cibiyar hasashen yanayi ta Turai da ke Ingila ta buɗe taskar ERA5, wadda ta faro daga shekarar 1940. Mas'alata ita ce yadda muke miƙa buƙata ga waɗannan rumbuna ta intanet, domin a nan ne sakacinmu ya daɗe yana damuna.

Sama ɗabaƙoƙi ce, wata bisa wata, kuma ana ambaton kowace da gwargwadon matsin iskarta: 850 tana wajen mita 1,500 bisa teku, 700 wajen mita 3,000, 500 kuwa ta haura mita 5,000. Rumbun NOMADS na NOAA ya ba kowa damar ya zaɓi ɗabaƙar da yake so, da abin da yake son aunawa, da iyakar yankinsa, ta yadda ɗalibin da ke Zariya ko Maraɗi zai karɓi ɗan ƙaramin ƙunshi maimakon lodin duniya baki ɗaya. Amma sau nawa nake duba kundin ɗalibi in tarar ya zaɓi 1000, bisa zaton cewa ita ce doron ƙasa?

A nan zan daɗe, don hujjar ta cancanci haka. Matsin iska na 1000 yana kusa da bakin teku ne, alhali birnin Kano yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 480, inda matsin ba ya kaiwa wannan adadi ko da rani ko da damina. Ma'ana, ɗabaƙar da ɗalibin ya nema tana ƙarƙashin ƙasar da yake takawa, ƙasa da gindin kowace rijiya ta cikin birni. Rumbun ba zai ƙi ba shi amsa ba, kuma musibar ke nan: zai miƙo masa alƙaluman zafi da iska waɗanda aka ƙaddara da lissafi kawai, aka cike gurbi da su don kada taswira ta yi rami, shi kuwa ya ɗauke su a matsayin haƙiƙa, ya gina babi uku a kansu, a sa hannu, a ba shi shahada. A Jos, wadda ta haura mita 1,200, har ɗabaƙar 925 ma a cikin dutse take. Duk wanda zai nemi wata ɗabaƙa, wajibi ne ya nemi matsin doron ƙasa tare da ita, ya gwada su, ya zubar da duk abin da ya faɗa ƙarƙashin ƙasa.

Alhali kuwa abin da ke hukunta daminarmu yana can sama inda ba mu dubawa. Iskar teku mai ɗauke da laima tana shigowa daga kudu maso yamma a tsakanin 925 da 850. A bisanta, tsakanin 700 da 600, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwararowa daga gabas, kuma saɓanin waɗannan biyu shi ke tsara jerin hadarin nan da manomi ke hange ya taso daga gabas da la'asar. Haka ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na Cadi take tasowa, iskar 925 ce ke tayar da ita kafin ta rufe filayen jiragenmu.

Wasu abokan aiki sun ce a sauko da komai, daga baya a tace. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa jiran lodi ba wuta ta ɗauke masa a tsakiya, kuma ba ta koya wa ɗalibi tambayar kansa dalilin abin da ya nema.

Shawarata ita ce wadda na daɗe ina maimaitawa: kada a karɓi kundin da bai bayyana ɗabaƙar da ya yi amfani da ita da hujjar zaɓenta ba, a koyar da karatun sama a tsaye tun shekarar farko, sannan hukumar NiMet ta Najeriya da cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET na Yamai su matsa wa gwamnatoci a kan kuɗin balan-balan ɗin awo, domin tsare-tsare irin su GFS da ERA5 suna daidaita lissafinsu ne da abin da aka auna a samanmu, tashoshin da ke sakin balan-balan ɗin a Sahel kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai.