Majalisar Tarayya da Taswirar Mazaɓu: Wa Ɗan Majalisa Yake Wakilta?



An nemi mu yi magana a kan yadda Majalisar Tarayya ta Nijeriya take aiki, da irin zaman da ke tsakaninta da ɓangaren zartarwa. Mun ga ya fi kyau mu kama zancen tun daga gindinsa, watau daga mazaɓa, domin ƙarfin da ɗan majalisa zai nuna a Abuja gwargwadon ƙarfin igiyar da ta ɗaure shi ne da mutanen da suka aike shi.

Bisa tsarin mulkin 1999, majalisar kashi biyu ce. Majalisar Dattijai tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, ɗaya kuma daga Abuja. Majalisar Wakilai tana da kujeru 360, waɗanda aka ce a raba su bisa yawan jama'a. Ba wani shirin doka da zai zama doka sai majalisun biyu sun amince da shi, sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa, wanda yake da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suna iya zartar da dokar ba tare da hannunsa ba. Har ila yau, ba kwabon gwamnati da za a kashe sai da yardar majalisa, ba kuma ministan da zai kama aiki sai dattijai sun tantance shi.

Wannan rabon iko baƙo ne a gare mu kafin 1979. A Jamhuriya ta Farko, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa shi kansa ɗan majalisa ne, haka ma ministocinsa, suna zaune a zaure ɗaya da masu yi musu tambayoyi. Tsarin mulkin 1979 ne ya raba gari, kuma nan da nan aka ɗanɗana kuɗarsa. Alhaji Shehu Shagari ya ci zaɓe, amma jam'iyyarsa ta NPN kujeru 36 ta samu cikin 95 na dattijai, da 168 cikin 449 na wakilai. Dole ta sa ya ƙulla ƙawance da NPP, har aka bar mata kujerar Kakakin Majalisar Wakilai, ƙawancen kuma ya watse a 1981. A shekarar nan ce majalisar jihar Kaduna, wadda NPN ta rinjaya, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP, bayan ta hana shi naɗa kwamishinoni tun hawansa.

Jamhuriya ta Huɗu ma ta ga nata. A 2000 majalisa ta zartar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta alhali Shugaba Obasanjo bai sa hannu ba. A 2002 Majalisar Wakilai, a ƙarƙashin Ghali Umar Na'abba, ta yi barazanar tsige shi. A ranar 16 ga watan Mayu 2006 kuwa dattijai suka yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai buɗe ƙofar ta-zarce. Amma kada mu manta, cikin shekarun nan 8 shugabanni 5 aka yi a Majalisar Dattijai, kuma jama'a da dama sun ga hannun fadar Shugaban Ƙasa a cikin wannan juyi.

To, yanzu mu koma ga mazaɓa, inda a ganinmu cutar take. Tsarin mulki ya ɗora wa hukumar zaɓe, INEC, aikin yanka ƙasa zuwa mazaɓu 360, da sharaɗin kada wata ta tsallaka iyakar jiha, kuma yawan mutanen kowacce ya kusanci na sauran iyakar iko. Taswirar da ake aiki da ita an zana ta ne a 1996, zamanin mulkin soja, bisa ƙidayar 1991. An sake ƙidaya a 2006, aka sami mutum kimanin miliyan 140. In aka raba wannan adadi gida 360, kowane wakili ya kamata ya tsaya wa mutum wajen 390,000. Ku duba abin da yake ƙasa. Abuja, mai mutum kimanin miliyan 1.4 a ƙidayar nan, kujeru 2 gare ta, watau wakili ɗaya ga mutum 700,000. Jihar Bayelsa, mai kimanin miliyan 1.7, kujeru 5 gare ta. Ƙaramar hukumar Alimosho ta jihar Legas, wadda mutanenta suka haura miliyan ɗaya, wakili ɗaya tak take aikawa. Ashe ƙuri'ar wani ɗan ƙasa ta ninka ta ɗan'uwansa nauyi sau biyu, ko ma uku, alhali kuwa an ce mu duka ɗaya ne a gaban doka.

Me ya hana gyara? Da fari, dokar ta ce a riƙa duba mazaɓu bayan tazarar da ba ta gaza shekara 10 ba. Ta hana gaggawa ke nan, amma ba ta hana jinkiri ba. Na biyu, wanda shi ne babba, duk canjin da hukumar zaɓe ta yi ba zai fara aiki ba sai majalisun biyu sun amince. Tun da yake kujerun 360 ne ba ƙari, duk jihar da ta sami ƙarin ɗaya daga hannun wata aka ƙwace. An ba kura ajiyar nama. Wane wakili ne zai ɗaga hannu a rushe mazaɓar da ta kawo shi? Ga kuma tsohon tsoron ƙidaya, wanda muka gada tun rikicin 1962 da 1963, lokacin da yawan kujerun Arewa da na Kudu ya zama shi ne ainihin abin faɗa.

Watakila wani zai ce, ina ruwan wannan lissafi da zaman majalisa da gwamnati? Ruwansa babba ne. Wakilin da yake da mutum miliyan a bayansa ba zai san su ba, su ma ba za su san shi ba, sai dai a jikin fasta. Saboda haka abin da zai mayar da shi kujerarsa shi ne tikitin jam'iyya, wanda galibi yake aljihun gwamna, da kuma ayyukan mazaɓu, irin su rijiyar burtsatse da ajujuwa da kekunan ɗinki. Waɗannan ayyuka majalisa ce take cusa su cikin kasafin kuɗi, amma ma'aikatun gwamnati ne suke sakin kuɗin, su ne kuma suke ba da kwangila. Mutumin da yake jiran minista ya saki kuɗin rijiyar ƙauyensu, da wane baki zai titsiye wannan minista a gaban kwamiti? Ku ma'aikata da kuke cikin ofisoshi kun fi mu sanin yadda fayil yake gudu, da yadda yake kwana.

Ba mu ce sabuwar taswira za ta warkar da komai ba. Gwamnoni za su ci gaba da riƙe jam'iyyu ko an sake zane ko ba a sake ba. Amma zaɓuka 7 aka yi daga 1999 zuwa 2023, duka a kan zanen 1996, kuma ɗaliban da suke zaune a wannan zaure mafi yawansu ba a haife su ba lokacin da aka ja layukan. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023, wadda ita ce za ta ba hukumar zaɓe sababbin alƙaluma, an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki a fara.