Kafin ka miƙa wa aboki wuyanka



Akwai wani bidiyo da ke yawo a wayoyinmu: mutum ya kwanta, wani ya kama kansa ya murɗa, ka ji ƙas! Ya tashi yana murmushi. Yanzu har a fada, nan Zariya, ana gwada wa juna tsakanin shayin farko da na biyu. A kan wannan nake son mu tsaya.

Sana'ar sunanta kairofraktik. Wani mutum, Daniel David Palmer, ya fara ta a Amurka a 1895, kuma masu yin ta a can sai sun yi shekaru suna karatu. Bincike ya nuna tana ɗan rage ciwon ƙugu, kamar yadda tausa da motsa jiki ke ragewa. Batun wai tana maganin hawan jini ko asma, wannan ba shi da hujja. Ƙarar nan ma ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa.

Wuya kuwa ba wurin wasa ba ne. Ƙasusuwa 7 ne jere, laka ta bi ta tsakiyarsu, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun ratsa ta gefensu. Murɗawa da ƙarfi na iya tsaga jijiyar, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai ba, gaskiya. Amma wa zai so ya zama shi ne?

Na san ciwon na gaske ne. Ɗan kabu-kabu da ke zirga-zirga tsakanin Maradi da Tibiri, da mai duƙe a fadamar Jiratawa tun asuba, da tela a kan keke, duk sun san shi. Wani ruku'u ma gagararsa yake, yana ɗan shekara 25. Mafi yawan irin wannan yana lafawa cikin 'yan makonni in ka ci gaba da tafiya a ƙasa. Kwanciya wuni guda cur ƙara shi take. In za ka ɗauki buhu, durƙusa da gwiwa, ka manna shi a jikinka, kada ka juya da shi.

Masu ɗori muna girmama su, sun taimaki iyayenmu. Sai dai hannu ba ya ganin cikin ƙashi. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama da zufar dare, ko bayan faɗuwa daga babur ne, kada kowa ya danna maka baya. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, a hoto ake gane shi. Tafi babban asibitin Maradi a yi maka radiyo. In likita ya ga babu matsala, shi zai tura ka wajen mai kine.