Ɗanmu Zai Karanta Tauhidi: Wace Takarda Zai Dawo da Ita, Ina Kuma Za Ta Kai Shi?

Jawabin da Kwamitin Ilimi da Walwala na reshenmu ya gabatar a taron mambobi da iyalansu

 

Abin da ya sa kwamiti ya ɗauko wannan batu shi ne wani fayil da wata abokiyar aikinmu ta kawo ofishin reshe a zangon da ya wuce. Ɗanta ya yi shekara huɗu a wata makarantar tauhidi, ita kuma ta yi shekara huɗu ana cirar bashin ƙungiyar adashi daga albashinta domin kuɗin makarantarsa. Ya gama da sakamako mai kyau. Da lokacin yi wa ƙasa hidima ya zo, ba a ga sunansa ba. Da ya nemi aikin koyarwa, aka ce takardarsa ba ta cikin waɗanda hukuma ta sani. Yaron bai yi wasa da karatu ba, malamansa ma ba su cuce shi a ilimi ba. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba kafin a biya kuɗin zangon farko. Mun ga ya wajaba mu yi wannan tambaya a nan, a gaban kowa, kafin wani gida ya sake faɗawa.

Da farko, mu ba wannan fage haƙƙinsa. Akwai masu zaton karatun Littafi Mai Tsarki mafaka ce ga wanda ya rasa gurbi a wani fanni. Wanda ya leƙa ajin ya san ba haka ba ne. Ɗalibi zai koyi Ibrananci domin Tsohon Alkawari, da Helenanci domin Sabon Alkawari. Zai karanta tarihin ikilisiya, da falsafa, da ka'idojin fassara nassi, da dabarun wa'azi da ba da shawara ga masu damuwa. A makarantu da dama akan haɗa da nazarin Musulunci da addinin gargajiya, domin wanda zai yi hidima a ƙasarmu dole ya san maƙwabcinsa. Mutumin da aka horar da shi ya zauna da tsohon rubutu, ya bi shi kalma bayan kalma, sannan ya tsaya gaban jama'a ya bayyana shi yadda tsohuwa da yaro za su gane, ya sami abin da kowane aji yake bukata.

Fagen kuma ba baƙo ba ne a Arewa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. A 1959 aka buɗe Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya, wadda take Bukuru. Makarantar horar da limaman Katolika ta Waliyyi Augustine da ke Jos ta fara a 1967, makarantar tauhidi ta ECWA da ke Jos kuma a 1980. Ga Gindiri, ga Kagoro, ga Kwarhi a jihar Adamawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka koya mana karatu da rubutu a nan suka sha ruwa.

To ina matsalar take? Tana cikin bambancin takardu. Takardun da ake fitowa da su daga wannan fage iri uku ne, kuma a ranar bikin yaye ɗalibai duk riga ɗaya ake sa musu.

Ta farko ita ce takardar da makarantar ikilisiya take bayarwa da sunanta, domin hidimar ikilisiya. Tana da daraja a wurin waɗanda suka kafa makarantar, da ita ake keɓe fasto ko a tura mai bishara. Amma idan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ba ta amince da shirin ba, ma'aikatar gwamnati ba za ta lissafa ta a matsayin digiri ba, ko da an rubuta digiri a kanta da manyan baƙaƙe.

Ta biyu ita ce digirin da jami'a take bayarwa, ko a harabarta, ko ta hanyar makarantar tauhidi da take da alaƙa da ita, kamar yadda kwalejin Bukuru take da alaƙa da Jami'ar Jos. A nan sai a kula: alaƙar kan shafi wasu shirye-shirye ne, ba lallai ta rufe duk abin da makaranta take koyarwa ba. Ɗalibai biyu suna iya kwana a ɗaki ɗaya, ɗaya ya fito da takardar jami'a, ɗaya da ta cikin gida. Sannan dole shigar ɗalibi ta bi ta hukumar JAMB, domin da sunan da ke rajistarta ake tura mutum hidimar ƙasa. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama, takardar yafewa ake ba shi, ita ma tana da amfani wajen neman aiki, amma sai digirin ya zama karɓaɓɓe tukuna.

Ta uku ita ce takardar malanta a fannin Ilimin Addinin Kirista, wato NCE daga kwalejin ilimi irin ta Gindiri ko ta Gidan Waya, ko digirin koyarwa irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello take bayarwa. Wannan ita ce hanyar da ta miƙe zuwa aji.

Yanzu mu dubi ƙofofin aiki ɗaya bayan ɗaya, ba tare da mun yi wa juna daɗin baki ba.

Ƙofa ta farko ita ce hidimar ikilisiya. Wanda ya ji kira a zuciyarsa, ba mu da hurumin tsayawa tsakaninsa da Mahaliccinsa. Abin da za mu ce wa iyaye shi ne, takarda ita kaɗai ba ta keɓe mutum. Kowace ɗarika tana da tsarinta, wasu ba sa ɗaukar wanda ba su suka tura shi karatu ba, kuma ɗariku da dama ba sa keɓe mata, ko da su ne suka zo na ɗaya a aji. Abin da fasto yake samu kuma ya danganta ne ga ƙarfin jama'arsa. A ƙauyen da baikon ranar Lahadi masara ce da doya, fasto manomi ne kamar kowa. Saboda haka yaro ya fara zama da shugabannin ikilisiyarsa kafin ya sayi fom.

Ƙofa ta biyu ita ce tamu, wato koyarwa. Darasin addini yana da gindin zama a manhaja. Za a tuna hayaniyar da aka yi lokacin da aka cusa darussan addini cikin wani darasi na haɗaka, har Majalisar Ilimi ta Ƙasa, a taronta na Kano a 2017, ta mayar da Ilimin Addinin Kirista da na Musulunci kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Muddin darasin yana nan, ana bukatar malaminsa. Amma digirin tauhidi ba takardar malanta ba ce. Dokar da ta kafa Hukumar Rajistar Malamai a 1993 ta mayar da koyarwa sana'a mai lasisi, kuma NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar shiga aji. Mai digirin da ba na koyarwa ba sai ya ƙara da babbar difilomar ilimi, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suke bayarwa, sannan ya zauna jarrabawar hukumar ya karɓi lasisi. Wanda bai yi haka ba, yakan ƙare a makarantar kuɗi, yana koyar da darasi uku da albashin da bai kai na ɗaya ba, babu fansho, babu giratuti, babu ƙungiyar da za ta tsaya masa ranar da aka ce kada ya dawo.

Ƙofa ta uku ita ce limancin hukumomi. Rundunar soja tana da sashen limaman Katolika, da na sauran ikilisiyoyi, da na harkokin Musulunci. Asibitocin mishan da makarantun kwana su ma suna neman masu ba da shawara. Guraben ba su da yawa, kuma na gwamnati ba a shiga sai da karɓaɓɓen digiri da takardar hidimar ƙasa.

Ƙofa ta huɗu ita ce wadda aka fi mantawa da ita, wato fassara da aikin harshe. Najeriya tana da harsuna fiye da 500, da yawa daga cikinsu a Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da Taraba da Bauchi suke, kuma har yau akwai waɗanda ba a daidaita rubutunsu ba. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya, wadda aka kafa a 1966, da cibiyar fassara da ke Jos suna aiki da waɗanda suka haɗa harshen uwa da Helenanci da Ibrananci. Wanda ya tsara wa harshensu haruffa ya buɗe wa yaran garinsu hanyar karatu, ko wane addini suke bi. Bayan wannan akwai aikin sasanta al'umma, da gidajen rediyo, da ɗab'i, da koyarwa a manyan makarantu ga wanda ya ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku.

'Yan uwanmu Musulmi, kada ku ce wannan zance na maƙwabta ne. Yaron da ya karanta Larabci ko Shari'a ko Usuluddini, a gida ko a waje, katangar nan ce take jiransa. Takardar ƙasar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta, kuma shi ma ba zai sami lasisin koyarwa ba sai da shaidar malanta. Ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya ne.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a biya ko sisi, a je makarantar da ƙafa a yi tambaya huɗu. Sunan wa zai fito a kan takardar, na makarantar ko na jami'a? Wannan shirin da yaron zai shiga, shi kansa, yana cikin waɗanda aka amince da su? Shigarsa za ta bi ta JAMB? Waɗanda suka gama bara sun tafi hidimar ƙasa? A nemi a ga shaida a rubuce. Makarantar kirki ba ta jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

A namu ɓangaren, kwamiti ya ɗauki alkawari uku. Za mu riƙa zama a ofishin reshe duk Asabar ɗin farko ta wata domin duba takardun shiga makaranta tare da iyaye. Za mu tattara sunayen abokan aikinmu masu koyar da darussan addini da ba su da lasisi, mu nema musu rancen adashi mai sauƙi domin difilomar ilimi. Za mu kuma kai wa shugabannin jiha kuka a kan makarantun da ba su da malamin addini ko ɗaya, inda ake ɗora darasin a kan duk wanda jadawalinsa yake da sarari.

Ɗan abokiyar aikinmu bai zauna ba. Ikilisiyarsa ta ba shi aikin koyar da matasa, yana kuma shirin sake shiga jami'a domin samun digirin da hukuma ta sani. Zai kai, in Allah ya yarda, amma da ƙarin shekaru da ƙarin bashi a wuyan mahaifiyarsa. Ita ce ta roƙe mu mu ba da labarin nan, kuma muna gode mata da wannan ƙarfin hali.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa guminmu ya amfane su, ya mayar da kowa gidansa lafiya.